Injin da ke kashe yatsu: Yadda sakacin kamfanin kwal ya ja wa Birtaniya diyyar fam biliyan 1.7

A ƙarshen watan Satumban 1997, Babbar Kotu da ke zama a birnin Newcastle na arewa maso gabashin Ingila ta yanke hukunci a kan ƙarar da wasu tsofaffin mahaƙa kwal tara suka shigar. Bakwai daga cikinsu suka yi nasara, kotun ta umarci kamfanin kwal na gwamnati, British Coal, ya biya su diyyar da jimillarta ta ɗan haura fam 120,000.

Mutanen nan ba rami ne ya rufta da su ba, ba kuma inji ne ya datse musu hannu ba. Duk wanda ya dubi hannayensu zai ga yatsu goma cif. Ƙorafinsu shi ne yatsun sun mutu a jikinsu, sakamakon shekarun da suka kwashe suna riƙe da injinan huda dutse masu jijjiga a ƙarƙashin ƙasa, kuma kamfanin bai taɓa gargaɗinsu ba, bai rage musu lokacin riƙe injin ba, bai sa likita ya duba su ba.

Kuɗin da aka ba mutum bakwai ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin kamfani irin wannan. Amma hukuncin ya buɗe ƙofar da ta ƙi rufuwa. Kafin a kammala, mutum kusan 170,000 ne suka nemi diyya a kan wannan cuta kaɗai, gwamnatin Birtaniya kuma ta biya kimanin fam biliyan 1.7 daga aljihun masu biyan haraji.

Yadda cutar take

Likitoci na kiran ta cutar jijjigar hannu, ma'aikata kuma suka sa mata suna farin yatsa. Tana kama wanda ya daɗe yana aiki da inji mai karkarwa a hannu: injin fasa kwalta da kankare, injin huda dutse ko bango, injin yanka da goge ƙarfe irin na masu walda, zarton inji na sare bishiya, injin yankan ciyawa da makamantansu.

Ɓarnar kashi uku ce. Na farko, ƙananan hanyoyin jini na yatsu sukan lalace, ta yadda da zarar sanyi ya taɓa hannun sai su tsuke, jini ya daina isa, yatsan ya yi fari fat kamar kyandir. Idan jinin ya dawo sai ya yi ja, yana zugi. Na biyu, jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi zuwa ƙwaƙwalwa sukan mutu sannu a hankali, a fara da tsikari kamar ana soka allura, a ƙare da mutum ba ya jin abin da ya riƙe. Na uku, ƙarfin damƙa yakan ragu, gaɓoɓin hannu su riƙa ciwo. Wasu kuma jijiyar wuyan hannunsu ce ke matsewa, ta hana su barci da dare.

Wanda abin ya yi wa nisa ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, ba ya iya tsintar sulalla daga kan tebur, kofin shayi kan suɓuce masa bai sani ba. Idan aka gano cutar da wuri aka raba mutum da injin, farin yatsan na iya raguwa. Jijiyar da ta riga ta mutu kuwa ba ta dawowa, babu kuma maganin da ke tayar da ita.

Abin da ke sa a raina cutar shi ne ba ta zuwa da jini ko karaya. Takan ɗauki watanni ko shekaru kafin ta bayyana, gwargwadon ƙarfin injin da tsawon lokacin da ake riƙe shi a kullum. Akwai kuma 'yar'uwarta da ke kama jiki gaba ɗaya, wadda ke jawo ciwon baya ga direbobin tarakta da manyan motocin haƙa da ke wuni suna bin hanya mai gargada.

An san ta tun 1911

Ba a ramukan kwal na Ingila aka fara gano matsalar ba. A 1911 wani likita ɗan Italiya, Giovanni Loriga, ya bayyana yadda yatsun masu aikin dutse da ke amfani da guduma mai aiki da iska ke yin fari suna mutuwa.

A 1918 gwamnatin Amurka ta tura likita Alice Hamilton garin Bedford na jihar Indiyana, inda ake sassaƙa farin dutse, domin ta binciki abin da ma'aikatan wurin ke kira matattun yatsu. Ta duba masu sassaƙa 38, ta samu kashi 89 cikin 100 na ɗauke da cutar. Ta kuma faɗi abubuwa uku da ke haddasa ta: daɗewa ana damƙe da kayan aiki, jijjigar injin, da sanyi. Har shawarar yadda za a rage ta ta bayar.

Bayan shekara 60, a 1978, wasu masu bincike suka koma wannan gari suka duba masu sassaƙa 30. Kashi 80 cikin 100 na da cutar, kuma gudumar da suke aiki da ita kusan irin wadda Hamilton ta gani ce. Ilimin yana nan a rubuce, aiki da shi ne ba a yi ba.

A Birtaniya ma haka aka yi ta jan ƙafa. Majalisar da ke ba gwamnati shawara a kan cututtukan da ake samu a wurin aiki ta sha nazarin batun tun daga shekarun 1950, amma sai a 1985 aka sa farin yatsa a jerin cututtukan da gwamnati ke biyan tallafi a kansu. Wani bincike da aka gudanar a ƙasar tsakanin 1997 da 1998 ya ƙiyasta cewa mutum 288,000 ne ke fama da ita.

Tambayar da kotu ta yi

A dokar Birtaniya, samun rauni a wurin aiki shi kaɗai ba ya sa kotu ta ɗora wa kamfani alhaki. Dole mai ƙara ya tabbatar da abubuwa uku: cewa akwai haƙƙin kula da lafiyarsa a wuyan kamfanin, cewa kamfanin ya yi sakaci da wannan haƙƙi, kuma sakacin ne ya jawo masa raunin.

Na farkon ba a jayayya a kansa. Tun a 1937, a wata shari'a da ita ma ta taso daga ramin kwal a Sikotilan, kotu mafi girma ta ƙasar ta ce wajibi ne wanda ya ɗauki mutum aiki ya samar masa da abokan aiki da suka san aikinsu, kayan aiki masu kyau, da tsarin aiki mara haɗari. Ta kuma ce ba zai kuɓuta ba don ya ce ya damƙa wa manaja ko wani wakili wannan nauyi.

Wurin da ake fafatawa shi ne na biyun. A wani hukunci na 1968 da kotuna ke yawan komawa gare shi, an ce mizanin shi ne abin da mai kamfani mai hankali da lura zai yi, bisa abin da ya sani ko kuma ya kamata ya sani. Idan ilimi yana ƙaruwa a kan wani haɗari, dole ya bi sawunsa. Idan kuma yana da masaniyar da ta fi ta sauran kamfanoni, to abin da ake tsammani daga gare shi ya fi nasu.

Wannan ne ya kama British Coal. Hukumar ta fara aiki a 1947 lokacin da gwamnati ta karɓe ma'adinan kwal, tana da ma'aikata sama da 700,000, aka sauya mata suna zuwa British Coal a 1987. Tana da likitocinta, tana da injiniyoyinta da sashen bincikenta. Kamfani irin wannan ba zai ce bai taɓa jin labarin abin da aka rubuta a mujallun likitoci shekaru da dama ba.

A watan Janairun 1996, alƙalin da ya saurari shari'ar, wadda ake kira shari'ar Armstrong, ya tsayar da ranaku biyu. Ya ce daga 1 ga Janairun 1973 ya kamata kamfanin ya san cewa injinan na cutar da hannu. Daga 1 ga Janairun 1975 kuma, wato bayan an ba shi shekara biyu ya yi bincike ya shirya, ya kamata a ce ya fara ɗaukar matakai: gargaɗin ma'aikata da duba lafiyarsu a kai a kai. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma a watan Yulin 1998 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da alhakin a kansa.

Abin lura shi ne kotun ba ta ce laifin kamfanin shi ne amfani da injinan ba, domin ba a haƙar kwal da hannu. Laifinsa shi ne shirun da ya yi. Gaya wa ma'aikaci cewa idan ya ga yatsansa ya fara fari ya kai rahoto ba ya cin ko sisin kwabo, amma ko wannan ba a yi ba.

Daga mutum bakwai zuwa 170,000

Kafin a kai ga hukuncin ƙarshe, an riga an sayar da ma'adinan kwal ga 'yan kasuwa tun 1994. Bashin da ke wuyan British Coal ya koma kan Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu daga 1 ga Janairun 1998. A wannan watan ne kuma wata kotu ta sake samun kamfanin da laifi a kan cutar huhu da ƙurar kwal ta jawo wa mahaƙa, sai gwamnati ta wayi gari da manyan basussuka biyu.

Da yake ba zai yiwu dubban mutane su bi layin kotu ɗaya bayan ɗaya ba, a watan Janairun 1999 gwamnati da lauyoyin mahaƙan suka ƙulla yarjejeniyar yadda za a riƙa tantance masu neman diyyar farin yatsa ba tare da shari'a ba. Aka kasa ma'aikata rukuni uku: waɗanda aikinsu ke buƙatar riƙe inji sosai, waɗanda ke riƙe shi jefi-jefi, da waɗanda a ƙa'ida aikinsu bai shafi inji ba, su sai sun kawo shaida. Daga nan likita ya duba mutum, ya auna matakin da cutar ta kai da ma'aunin da masana suka amince da shi a wani taro a birnin Stockholm a 1986. Matakin cutar da shekarun mutum su ke nuna abin da zai samu.

Akwai kuma ƙarin diyya ga wanda cutar ta hana shi ayyukan gida da ya saba yi da kansa. An lissafa guda shida: aikin lambu, wanke tagogi, ƙananan gyare-gyaren gida, fenti da ƙawata ɗaki, wanke mota da gyaran mota. Hujjar ita ce wanda ya koma biyan wani ko roƙon ɗansa ya yi masa abin da a da yake yi da hannunsa, ya yi asarar da za a iya ƙiyasta ta da kuɗi.

Lissafin gwamnati ya sha ƙasa. Da farko ta yi hasashen mutum 45,000 ne za su nemi diyyar farin yatsa, kuma cututtukan biyu gaba ɗaya za su ci fam miliyan 614. Rahoton da Ofishin Binciken Kuɗi na ƙasar ya fitar a 2007 ya nuna cewa an karɓi buƙatu kusan 760,000 a shirye-shiryen biyu, diyyar za ta kai kimanin fam biliyan 4.1, kuɗin gudanarwa da na lauyoyi kuma wasu fam biliyan 2.3.

Jinkiri ma ya yi tasa ɓarnar. Da yawa daga cikin mahaƙan tsofaffi ne, wasu sun rasu kafin kuɗinsu ya fito, sai matansu da 'ya'yansu suka karɓa.

Da lauyoyi suka shiga sahun waɗanda ake tuhuma

Yarjejeniyar ta tanadi cewa gwamnati ce za ta biya kuɗin lauyoyi. Duk da haka aka gano wasu kamfanonin lauyoyi na yankar wani kaso daga diyyar mahaƙan. A ƙarshen 2008 kotun ladabtar da lauyoyi ta soke lasisin manyan lauyoyi biyu na wani kamfani da ke garin Doncaster, wanda ya samu miliyoyin fam daga shirin.

Wasu mahaƙan kuma daga baya suka gano cewa lauyoyinsu ba su nema musu diyyar ayyukan gida ba, sai suka juya suka maka lauyoyin a kotu bisa zargin sakaci. Biyu daga cikin irin waɗannan ƙararraki sun kai har Kotun Ƙoli a 2019. A ɗaya daga ciki kotun ta ce wanda ke ƙarar lauyansa dole ya nuna cewa da an ba shi shawarar da ta dace, da ya shigar da buƙata ta gaskiya, wato da gaske cutar ta hana shi waɗannan ayyuka. Mai ƙarar ya faɗi, domin alƙalin farko bai gamsu da gaskiyar abin da ya faɗa ba.

Abin da doka ta ɗora wa kamfani a yanzu

A 2002 Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida a kan jijjiga a wurin aiki, Birtaniya kuma ta mayar da ita doka da ta fara aiki a watan Yulin 2005. Dokar ta sa lambobi biyu a ma'aunin ƙarfin jijjiga, wanda ake lissafa shi bisa wunin aiki na sa'a takwas. Idan abin da hannun ma'aikaci ke sha ya kai 2.5, dole kamfani ya ɗauki matakan ragewa ya kuma fara sa ana duba lafiyarsa. Lamba 5 kuwa iyaka ce da aka hana ƙetarewa.

Lissafin yana da wani sirri da ya kamata duk mai riƙe inji ya sani: idan ƙarfin jijjiga ya ninka sau biyu, lokacin da aka yarda a riƙe injin yakan ragu sau huɗu. Injin da ƙarfinsa yake 5 yana kai mutum matakin farko cikin sa'a biyu, ya kai iyaka cikin sa'a takwas. Mai ƙarfin 10 yana kai matakin farko cikin minti 30, iyaka cikin sa'a biyu. Mai ƙarfin 20, wanda ake samu a wasu tsofaffin injinan fasa kankare, minti 30 kacal ya ishe shi ya kai mutum iyakar wuni guda.

Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta ƙasar, HSE, ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni abin. Ta ce wanda ke aiki da inji mai bugawa kamar guduma fiye da kimanin minti 15 a rana, ko inji mai juyawa fiye da kimanin sa'a ɗaya, akwai yiwuwar ya wuce matakin farko. Lokacin da ake lissafawa shi ne wanda yatsa ke kan kunamar injin yana aiki.

Matakan da ake nema daga kamfani a bayyane suke. Ya duba ko akwai hanyar yin aikin ba tare da mutum ya riƙe inji ba, misali a ɗora injin fasa kankare a jikin motar haƙa. Ya sayi injin da jijjigarsa ba ta da yawa. Ya riƙa gyara da wasa kayan aiki, domin dakusasshen baki na sa a daɗe ana aiki ana kuma ƙara danna inji. Ya raba aikin tsakanin mutane da yawa, ya ba da hutu, ya samar da abin ɗumama hannu lokacin sanyi. Ya koya wa ma'aikata alamomin cutar, ya ajiye bayanan binciken likita, ya kuma kai rahoto ga hukuma idan aka tabbatar wani ya kamu.

Hukumar ta kuma ja kunne a kan safar hannun da ake tallatawa da sunan maganin jijjiga. Ta ce kada a dogara da ita, domin amfaninta na zahiri shi ne ɗumama hannu. Kamfanin da ya raba safa ya koma ya naɗe hannu bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Ban da diyyar da ma'aikaci zai nema, hukumar na gurfanar da masu saɓa dokar. A 2016 an ci tarar ƙaramar hukumar Thanet da ke yankin Kent fam 250,000 saboda ma'aikatanta masu yankan ciyawa da kula da filaye da suka kamu da cutar. A 2018 an ci tarar kamfanin Balfour Beatty Utility Solutions fam 500,000, bayan an gano ya bar ma'aikatansa suna shan jijjiga tsakanin 2002 da 2011 ba tare da matakan da suka dace ba.

Inda ƙara ke faɗuwa

Ba duk wanda ya je kotu ke dawowa da kuɗi ba, kamar yadda biyu daga cikin mahaƙa taran farko suka tashi a tutar babu. Akwai hanyoyi huɗu da kamfanoni da masu inshorarsu suka fi bi wajen kare kansu.

Ta farko ita ce lokaci. Dokar Ingila ta 1980 ta ba mutum shekara uku ya shigar da ƙara, daga ranar da ya san cewa raunin nasa babba ne kuma yana da alaƙa da aikinsa. Wanda ya ga alamu ya yi shiru shekaru da yawa yana iya rasa haƙƙinsa, sai dai idan alƙali ya ga dalilin ɗaga masa ƙafa.

Ta biyu ita ce musanta sanadi. Akwai mutanen da yatsunsu ke yin fari a sanyi ba tare da sun taɓa riƙe inji ba, yanayin da likita ɗan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana tun 1862. Ciwon suga ma na kashe jijiyoyin yatsu, shan taba kuma na tsuke hanyoyin jini. Shi ya sa shaidar likita ke da nauyi ƙwarai.

Ta uku ita ce ranar sani. Shekarar 1975 da aka tsayar wa British Coal ba ta hau kan kowa ba. A wasu shari'o'in da suka shafi kamfanonin da ba su kai shi girma da ƙwararru ba, kotuna sun tsayar da ƙarshen shekarun 1980 ko farkon shekarun 1990.

Ta huɗu ita ce rabon alhaki. A wani hukunci na 2001 da ya shafi ma'aikatan kamfanin ƙera da gyaran jiragen ƙasa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince cewa kamfani zai biya ne gwargwadon ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Wanda ya yi aiki a wurare uku, ko ya fara shan jijjiga kafin ranar sani, za a rage masa diyya daidai da haka.

Tun daga watan Oktoban 2013 kuma an ƙara wa ma'aikata nauyi. Sauyin da aka yi wa doka ya sa saɓa ƙa'idar kariya kaɗai ba ya wadatar wa mai neman diyya, sai ya tabbatar da sakaci. Abin da ke taimakon ma'aikacin Birtaniya shi ne dokar 1969 da ta tilasta wa kamfanoni yin inshorar ma'aikatansu, wadda a yanzu ba ta gaza fam miliyan 5 ba. Ko kamfani ya rushe, ana iya bin mai inshorarsa.

Cutar da zafi ke ɓoyewa

Irin waɗannan injina na aiki kullum a wuraren fasa dutse, gine-gine, shimfiɗa tituna, shagunan walda da kasuwannin katako na ƙasashen Afirka. Bambancin da ke akwai shi ne yanayi. Sanyi ne ke tayar da farin yatsa, don haka binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi ya nuna ba a cika ganin wannan alama ba, alhali mutuwar jijiyoyi da tsikari da raunin damƙa suna nan. Wani nazari da aka wallafa a 2007 a kan mahaƙa zinare a Afirka ta Kudu ya samu cutar a jikin kashi 15 cikin 100 na masu aiki da injinan jijjiga da aka duba.

Ma'ana, ma'aikaci a Kano ko Abuja na iya ɗauke da cutar ba tare da ya taɓa ganin yatsansa ya yi fari ba, sai dai wataƙila da asubahin hunturu ko idan ya sa hannu a ruwan sanyi. Abu ne mai sauƙi a ɗauke ta a matsayin gajiya, sanyin ƙashi ko tsufa.

Ta fuskar doka kuwa akwai madogara. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan gurɓatar iska, ƙara da jijjiga a wurin aiki tun 1977, kuma cututtukan da jijjiga ke jawowa na cikin jerin cututtukan aiki da ta amince da su. A Najeriya, Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma diyyar ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, ba haɗari na farat ɗaya kaɗai ba. A ƙarƙashin wannan tsari ba sai ma'aikaci ya tabbatar da sakacin kamfani ba. Dokar ta ce ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana bakwai, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya, sai dai idan akwai wani uzuri na musamman.

Kotunan Najeriya ma suna bin ƙa'idar haƙƙin kulawa da aka gada daga dokar Ingila. Kotun Ƙoli ta jaddada ta a 2008, a shari'ar wani ma'aikacin kamfanin Bendel Feed and Flour Mill da inji ya raunata masa hannu a bakin aiki. Bayan gyaran kundin tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraren rigingimun ƙwadago, har da na lafiya da kariya a wurin aiki.

Gibin da ke akwai shi ne yawancin masu riƙe waɗannan injina 'yan aikin yini ne, ba su da takardar ɗaukar aiki, ba a yi musu rajista a asusun ba. Masu neman diyya a Birtaniya sun ci nasara ne da abubuwa uku: ƙungiyoyin ƙwadago da suka tsaya musu, bayanan aikin da suka nuna wane inji mutum ya riƙe da tsawon shekarun da ya yi, da shaidar likita. Ma'aikacin da ya fara jin tsikari ko mutuwar yatsu bayan ya ajiye inji zai taimaki kansa idan ya je asibiti da wuri, ya gaya wa likita irin aikin da yake yi, ya sanar da wurin aikinsa a rubuce, ya kuma adana kwafin takardun.

Ga masu kamfanoni kuwa, uzurin rashin sani ya daɗe da ƙarewa. An bayyana cutar a 1911, an tsayar wa British Coal ranar sani a 1973, kuma a yau manyan masu ƙera injinan da ake riƙewa a hannu suna rubuta ƙarfin jijjigarsu a takardar da ke zuwa cikin kwalin injin.